Alawayyon da Goggo Ta Sayo

Kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo ba. Hijabina na makaranta yana rataye a igiyar zaure tun ranar Lahadi, duk lokacin da na taɓa shi sai in ji shi da sanyi kamar gindin randa. Na wanke shi ne saboda saura mako biyu a koma makaranta, amma ko ya bushe ba zai yi mini ba. Kafin in jiƙa shi na gwada, ya tsaya mini a gwiwar hannu, kuma kalmasar da Inna take warware mini duk shekara ta ƙare. Babu sauran abin warwarewa.

Irin wannan markar aka yi shekara uku da suka wuce, daminar da idon Inna ya koma kamar garin ɗorawa.

Ita ce daminarmu ta farko a cikin garin Birnin Gwari. Da bazara muka baro ƙauyenmu, can bayan Randagi, bayan mutanen daji sun shigo karo na biyu sun kora shanun huɗa, sun cinna wa rumbuna wuta. Abin da babur ɗin Baba ya iya ɗauka shi muka zo da shi. Muka sauka gidan Goggo Abu, yayar Baba, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta kwashe tarkacenta daga ɗaki ɗaya ta ba mu. Goggo tana da kyauta, tana da faɗa, kuma duka biyun da ƙarfi take yin su. Ni Bebiya take kirana, don ba na magana sai an tambaye ni, wani lokacin ko an tambaye ni ma sai in kalli yatsun ƙafata. Shekarata goma sha ɗaya, na gama firamare ke nan, ina jiran shiga sakandare.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce. Ranar da muka gudo ba ta ɗauki kwallarta ta aure ba, sai ta ɗaure irin gyaɗa a cikin zani ta goya kamar jariri. Mun yi ta kallon ɗaurin nan da yunwa, ba ta bari an taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Da ruwa ya sauka, maƙwabciyar Goggo, Mama Rahila, wata mutuniyar kudancin Kaduna da ta fi shekara ashirin a garin, ta yanka wa Inna gefen gonarta a bayan gari, kusa, inda in an ji harbi za a iya rugowa gida kafin a ji na biyu. Nan muka shuka. Inna tana sara, ina jefa ƙwaya bibbiyu, ina rufewa da diddige.

Zuwa watan Agusta abinci ya koma tuwo sau ɗaya a rana. Da safe koko ba suga. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, in an samu. Itace duk ya jiƙe, girki ya zama hayaƙi da hawaye. Gishiri ya narke a cikin kwano. Goggo a cikin ɗankwalinta take ajiye ashana don kada ta yi sanyi. Tabarmi, takalma, har allon Baba, komai warin fumfuna yake. Masarar mutane ta fitar da gemu amma ba ta nuna ba, sai mu wuce ta gefenta muna kawar da kai.

Inna ta daɗe da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Yakan taso mata in ta ɗanɗana tunkuza ko ta ci abu mai maiƙo. Takan ce gyambon ciki ne, ta jiƙa kanwa ta sha, ta koma bakin aiki. Amma ranar da muke maimai a gonar gyaɗa, sai na ga ta saki fartanya ta durƙusa a tsakanin kunya. Haƙoranta suna kaɗawa har ina jin ƙararsu daga inda nake. Da ta ɗago ta dube ni, na ga farin idonta ya sauya. Na yi kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Ina tsammanin in ban faɗa ba zai koma yadda yake.

Mama Rahila ce ta faɗa, da ta shigo aron rariya.

“Hajara, juyo nan wajen haske. Kai! Goggo, zo ki ga idon matar nan.”

Goggo ta zo, ta ja fatar idon Inna da babban yatsa, ta saki.

“Shawara ce. Ba yau na fara ganinta ba.”

Nan take ta kafa dokokinta. Ba man ja, ba man gyaɗa, ba ƙwai. Ta aiki Baba ya samo saiwar rawaya da ganyen gwanda. Aka dafa, ana sha safe da yamma, ana sirace da bargo. Sannan ta faɗi babbar dokar, tana kallon Baba ido cikin ido.

“Kuma kada wanda ya kai mini ita wajen masu allura. Mai shawara ba ya shan allura, kowa ya sani. Mai gidana da ƙafarsa ya fita daga gidan nan, idonsa haka, aka tsira masa guda ɗaya. Washegari da hantsi muna karɓar gaisuwa.”

Ba Goggo kaɗai ke faɗin haka ba. Duk matar da ta shigo dubiya sai ta maimaita, kowa da gawar da za ta ba da misali da ita. Baba ya ce to, Yaya. A gidanta muke, tuwonta muke ci, kuma ita ta goye shi yana yaro.

Kwana tara Inna tana shan saiwa. Ni nake zubar da fo, don haka ni na ga abin da sauran ba su gani ba. Fitsarinta ya koma kamar shayin da ba madara. Bayan gidanta kuma ya yi fari-fari kamar toka. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, ta riƙa susa da totuwar masara har fatarta ta yi layi-layi. Zazzaɓin yakan zo da sanyi, mu tara mata duk zannuwan gidan, tana rawar ɗari a ƙarƙashinsu, can kuma sai gumi ya karyo ya jiƙa tabarma. A rana ta takwas ta ce in je in kwance akuyoyi, rana ta yi. Akuyoyin nan a ƙauye muka baro su, tun bazara.

A rana ta tara da safe, ana yayyafi, Mama Rahila ta shigo da buhu a kanta a madadin laima. Ta leƙa ɗakin, ta fito ta tsaya a tsakar gida.

“Goggo, ni dai zan faɗa, ko ki kore ni. Matar nan tafiya take yi. A kai ta asibiti.”

“Su kashe ta?”

“To nan ɗin raya ta ake yi?”

“Rahila, ki tsaya a gyaɗa da masara. Wannan ciwon namu ne, mun san kansa.”

“Ciwo ba shi da naku da namu. Malam, kai ba za ka ce komai ba?”

Baba yana zaune a kan turmi, yana jujjuya makullin babur a hannunsa.

Sai muka ji motsi a bakin ƙofa. Inna ce, ta dafa bango da hannu biyu. Ban san yadda ta tashi ba, don tun jiya ko zama sai an tallafe ta. Ba ta kiran sunana, ni ce ’yar fari.

“Ke, miƙo mini mayafina.”

Na miƙo.

“Hajara, koma ki kwanta,” in ji Goggo.

“Yaya, kwana tara na sha naki. Ban zubar da ko kofi ɗaya ba, ga yarinya nan shaida. Yau zan je in sha nasu.”

“In kika fita aka tsira miki allura, gawarki za a dawo mini da ita.”

“In na zauna ma gawar za a fitar miki.” Ta tsaya ta ja numfashi. “Na tsere wa masu bindiga da ƙafata, da goyon gyaɗa a bayana. Ba zan zo nan in mutu a kan tabarma don tsoron allura ba. Malam, in ba za ka tayar da babur ba, ka matsa mini in wuce.”

Baba ya tashi ya tayar da babur. Aka sa Inna a tsakiya, Mama Rahila ta hau baya ta rungume ta. Ni da Goggo muka bi su da ƙafa cikin taɓo. Duk hanya tana faɗa, tana cewa babu ruwanta, ita ta wanke hannunta. Amma na ga gorar saiwa a ƙarƙashin mayafinta.

Likitar da muka samu mace ce, siririya, muryarta a shaƙe da mura. Ta danna gefen cikin Inna, Inna ta yi ƙara. Ta tambayi kalar fitsari da ta bayan gida. Baba ya dubi Goggo, Goggo ta dubi bango.

“Wa yake zubar mata da fo?”

Aka juyo gaba ɗaya aka dube ni. Na matsa na raɗa wa Mama Rahila a kunne, ita kuma ta faɗa da ƙarfi har na gadon can ƙarshe suka ji: shayi ba madara, da toka. Likita ta gyaɗa kai kamar abin da take jira ke nan. Aka shafa wa Inna wani mai mai sanyi a ciki, aka ɗauki hoto.

Da likita ta dawo, sai ta fuskanci Goggo, ba Baba ba. Ina jin ta gane inda maganar take.

“Mama, kina gyaran kaza?”

“Tun ba a haife ki ba.”

“To kin san maɗaciya, ’yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda in ta fashe naman ya ɓaci. Mutum ma yana da ita. Ruwanta yana da hanyar da yake bi daga hanta ya zuba a hanji. Tsakuwa ce ta fito mata a ciki, ta toshe hanyar, wasu ma sun hau har cikin hantar. Ruwan ya rasa wajen fita, ya koma jini, shi kike gani a idonta. Inda ya taru kuma ya kumbura ya kama cuta, shi ne zazzaɓin. Saiwa ba za ta ture dutse ba.”

“Shawara dai ce. Ita ta kama mai gidana, allura ta ƙarasa shi.”

“Shawara iri-iri ce, Mama. Ban san wadda ta kama mai gidanki ba, Allah ya jiƙansa. Wannan dai in ba a sa mata magani ta jijiya yau ba, ba zan ce miki za ta kai jibi ba.”

Nas ta turo ƙarfen ƙarin ruwa, ta fasa ledar allura. Goggo ta yi wuf ta riƙe mata wuyan hannu. Nas ta dubi Baba ta ce, “Mai gida, a sa ko a bari?” Baba ya dubi yayarsa. Na ƙirga ɗigon ruwan da ke zuba daga rufi cikin wani bokiti a gefen gado, ya kai bakwai.

Inna ta zaro hannunta daga cikin mayafi, ta miƙe shi a kan gado, ta dunƙule yatsu.

“Hannun nawa ne ko na Yaya?”

“Naki ne,” in ji nas.

“To sa.”

Sai da aka soka sau uku kafin a sami jijiya, don duk sun ɓuya. Inna ba ta kawar da kai ba, kallon allurar take har ta shige. Goggo ta saki hannun nas, ta koma bakin ƙofa ta zauna a ƙasa, ta fito da carbi. Jira take. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tana leƙowa tana komawa. Washegari da hantsi, daidai lokacin da ta ce sun karɓi gaisuwar mijinta, Inna ta buɗe ido ta ce ko akwai sauran koko.

Goggo ta dube ta. Sannan ta ce, “Ai dama saiwar nan sai ta kwana tara take fara aiki.”

Mama Rahila ta yi dariya har ta riƙe ƙarfen gado.

Kwana uku zazzaɓi ya sauka, amma idon bai washe ba. Likita ta ce allura ta kashe wutar ne kawai, tsakuwar tana nan inda take, kuma za ta sake tayar da wata. Sai an yi aiki, a babban asibiti a Kaduna. A lokacin ba a bin hanyar Kaduna sai an taru, motoci su jeru tun safe su jira rakiyar sojoji. Kuma babu sabis a garin, waya ta zama fitila kawai. Daga ranar babur ɗin Baba bai ƙara kwana a zaure ba, ban kuma tambayi inda aka samo kuɗin aikin ba.

A tasha Inna ta leƙo ta tagar mota. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri, ko in riƙa addu'a.

“Ke, gyaɗata. Kada ki bari ciyawa ta cinye mini ita.”

Ciyawar kuwa ta riga ta rufe kunya. Mama Rahila ta kira gayya. Matan cocinsu shida suka zo, da matan unguwarmu huɗu, har da waɗanda suka ce allura za ta kashe ta. Muka shiga gonar ana ruwa. Taɓo yana kama fartanya, sai ka kankare da yatsa kafin ka sake sara. Ciyawar da ka cire in ka bar ta a ƙasa sai ta sake kamawa, dole a kwashe a kai bakin gona. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ba abincin gayya, sai dafaffen rogo da wata ta kawo a ƙulle a leda, aka gutsuttsura. Suna aiki suna tsokanar juna a kan wadda ta fi barin ciyawa a bayanta. Ba wadda ta ambaci sunan Inna.

Kwana goma ba labari. A na goma sha ɗaya wani direba ya aiko da saƙon Baba, saƙon ya bi baki uku kafin ya iso mu. Abin da ya rage a cikinsa shi ne: an yanka ta, an sa mata roba a ciki.

Ranar kasuwa Goggo ta ce in ɗauko leda in biyo ta. Muka wuce masu hatsi, muka wuce masu kayan miya, ta tsaya a rumfar mai yadi. Ta nuna farin alawayyo. Mutumin ya dube ta, ya dube ni, ya rage murya ya ce na mace ko na namiji. Ta ce na mace. Goggo da take ciniki a kan ƙullin daddawa har mai shi ya gaji, ranar ba ta yi ciniki ba. Ya auna, ya yaga, ya ninke. Ta sa a leda ta ɗora mini a ka.

Mun yi nisa kafin in ji muryata ta fito.

“Inna ba ta mutu ba.”

Goggo ta tsaya cak.

“Au. Ashe Bebiya tana da baki.”

“Ba ta mutu ba.”

“Na ce miki ta mutu? Wanda aka sa wa roba a ciki kin taɓa ganin ya dawo? So kike a kawo ta a same mu ba shiri, a ce ’yar mutane ta rasu a gidana an rasa abin suturta ta?” Ta goge fuska da bakin mayafi. Ruwa ake yi, amma ba ruwan ba ne. “Riƙe ledar da kyau, kada ya jiƙe.”

Na riƙe da kyau. Ta kai shi ƙasan akwatinta. Ni kuma na wuce gona, ko da yake ba sauran ciyawar cirewa.

Mako uku cif suka yi. Ranar da suka dawo ina tankaɗe a tsakar gida, na ji sallamar Baba, sai ga Inna a bayansa tana tafiya a hankali, a ɗan karkace. Ta rame har ɗankunnenta ya yi mata girma. Idonta na fara kallo. Saura ɗan rawaya kaɗan a gefe, kamar tsohuwar takarda.

Robar gaskiya ce. Siririya ce, ta fito daga gefen cikinta ta shiga wata jakar leda da take maƙalewa a ƙarƙashin zani. Wani ruwa yake tarawa, kore-kore mai duhu, kamar ruwan da aka dafa tafasa. Ta ce an cire maɗaciyar gaba ɗaya, an buɗe hanyar an wanke har sama cikin hanta, robar kuma an bar ta ne don ruwan ya riƙa fita kafin wajen ya warke. Sannan ta kwance bakin zani ta fito da ’yar kwalba. Tsakuwoyin ne, baƙi-baƙi da ja-ja, wasu kamar ƙwayar dawa, ɗaya ta kai gujiya. Ta girgiza kwalbar a kunnen Goggo.

“Yaya, ga shawarar taki. Ji kukanta.”

Goggo ta ce a'uzubillahi, a fitar mata da ƙazanta daga ɗaki. Amma da rana na gan ta ta ɗauki kwalbar ta ɗaga wajen haske.

Ni na riƙa juye jakar kowace safiya, ina duba inda ruwan ya kai, ina rubutawa a bayan littafin lissafina kamar yadda aka ce a yi. Likitocin sun gaya wa Inna gaskiya: irin wannan tsakuwar takan ɓuya a lungun hanta, takan kuma sake fitowa. Za ta riƙa komawa hoto. In ta ga zazzaɓi da rawayar ido, kada ta kwana a gida.

Sai ga rana ta fito. Rana ta gaske, mai zafi, irin wadda ƙasa take tururi. Duk unguwa aka fito da kaya shanya. Goggo ta juye akwatinta a kan tabarma, ta baza zannuwa a igiya da kan katanga, tana ta mitar fumfuna. Ina jin ta manta. Inna tana zaune a kan kujera ’yar tsugunno tana shan hantsi, jakarta a cinya. Na ga idonta ya tsaya a kan farin yadin, yana ta ƙyalli a tsakanin atamfofi.

“Yaya, wancan fa?”

Goggo ta juya. Hannunta ya tsaya a sama da zani a ciki.

“Ajiya ce.”

“Ta wa?”

Kaza ta bi ta kan tabarma ba wanda ya kore ta.

Inna ta tashi, ta riƙe jakarta da hannu ɗaya, ta je ta sauke yadin. Ta auna shi daga hanci zuwa yatsa, ta sake, ta sake.

“Kin yi mini da yawa, Yaya. Ban kai haka tsawo ba.”

“Hajara, ba da mugun nufi…”

“Na sani. Allah ya saka da alheri, ba kowa zai tuna ba. Amma tunda nawa ne, zan ɗauki abina.” Ta juyo. “Ke, zo nan. Tsaya sosai. Ba farin hijabi aka ce ku zo da shi sakandare ba?”

Ta yafa mini shi a ka. Yana da ɗumin rana da ƙamshin sabon yadi.

“Innalillahi! Likkafani za ki sa wa yarinya? Ba kyau! Za ki ja mata!”

“Yadi ne, Yaya. Bai ga gawa ba, gawa ba ta gan shi ba.”

Da yamma muka kai wa Mama Rahila, tana da keken ɗinki. Da ta ji inda yadin ya fito, ta ɗora hannu biyu a ka, sannan ta zauna ta zura zare. Inna ta tsaya a kanta.

“Ki yi masa kalmasa mai faɗi, ninki uku. Duk shekara zan riƙa warware mata.”

Mama Rahila ta ɗago ta dube ta.

“Duk shekara, Hajara?”

“Duk shekara.”

Da jakar a ƙugunta Inna ta je cirar gyaɗa. Ba ta iya sunkuyawa, sai ta zauna a kan buhu muna tara mata, tana tsinkewa. Bayan nan aka koma Kaduna aka zare robar. Ranar da ta toya ƙulin farko ta ɗauki guda ɗaya mai zafi, ta zauna a gaban Goggo, ta cinye shi ƙurus-ƙurus tana kallonta.

Yanzu muna da ɗakunanmu biyu a bayan gidan Goggo. Ana cin abinci sau uku, ko a wannan watan. Ana bin hanya ba sai an jira sojoji ba, ko da yake har yanzu Baba ba ya kai la'asar a gona mai nisa. Goggo tana nan a kan bakanta cewa saiwa ce ta tausasa tsakuwar, likitoci suka samu a sauƙaƙe. Amma bara da idon jikar wata ƙawarta ya yi rawaya, ita ta ce a je a ɗauki hoto tukuna, a ga ko irin ta Hajara ce.

A hoton da aka yi wa Inna bayan salla an ga wani ɗan abu a hantar. Sun ce ƙarami ne, a sa masa ido, ta dawo bayan kaka. Tun daga nan kowace safiya in na durƙusa gaishe ta, idonta nake kallo. Ta sani. Takan buɗe su ƙwala-ƙwala ta ce, “Kin gama dubawa, likita? To tashi ki hura wuta.”

Ɗazu da hantsi ta zo wucewa ta zaure, ta taɓa hijabin, ta juya bakinsa ta ga inda zaren ƙarshe ya fita. Ta shiga ɗaki na ji ƙarar akwati. Ta fito da ragowar alawayyon, ya ɗan yi ja a wajen ninki. Goggo tana zaune a bakin ƙofarta tana tsince wake.

“Hajara, wannan ragowar dai ki bar ta.”

“Ta yi me?”

“Ke kin san abin da aka gani a hoto. Ni kuma ga tsufa. Gida ba ya rasa ɗan abin ajiya.”

“Ranar da Allah ya kira ɗayarmu, Yaya, mai yadi yana nan a rumfarsa. Ni ba zan zauna ina gadin likkafani ba.” Ta yafito ni. “Ke, tsaya sosai. Kai, yarinyar nan kin yi tsawo.”

Ta auna daga kaina zuwa gwiwa, ta ƙara taƙi biyu saboda kalmasa, sai yadin ya ƙare daidai, saura ɗan siririn baki. Ta kama wannan da haƙori ta tsaga, ta ja shi da hannu biyu. Ƙarar yagewar ta fi ta ruwan da ke kan kwano. Ta miƙa wa Goggo ɗan ƙyallen.

“Ga rabonki. Ki ɗaure bakin buhun wake.”

Sannan ta ninke sauran ta sa mini a leda, ta ɗora mini a ka.

“Kai wa Rahila. Ki ce mata ninki uku. Kuma ki buɗe baki ki faɗa da ƙarfi, kada ki je kina yi mata raɗa.”